Waya da data daidai karfin aljihu: yadda za ka bi a Legas kada waya ta cinye maka gumi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na dade ina harkar caji da kayan waya a nan Agege, kuma tambayar da aka fi yi min, musamman kannenmu da suka sauko daga gida kwanan nan, ita ce "Yaya wace waya zan saya?" Ni kuma kafin in ambaci Tecno ko Itel ko Samsung sai na fara tambayar yaro nawa yake samu a rana, nawa yake turawa gida, kuma a ina yake kwana. Wasu har haushi suke ji, gani suke kamar bincike nake musu. To wallahi amsar tana cikin wadannan tambayoyin, don waya ba ranar da ka saye ta kake gama biyan kudinta ba, kullum sai ta ci, kamar akuyar da ka daure a gida.

Masu shekaru irin nawa za su tuna. Kafin 2001 layukan NITEL duk kasar nan ba su kai rabin miliyan ba, mu kuma mun haura miliyan 100, dan ci-rani in zai aika sako gida sai wasika ko kaset a hannun direban babbar mota. Zamanin Obasanjo aka yi gwanjon lasisin GSM a watan Janairun 2001, MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285, suka fara aiki a watan Agustan shekarar. Lokacin layi kadai sai ya kai N20,000 ko sama, kira N50 minti daya, ko da dakika goma ka yi minti za a cire maka. Wa ke rike da waya a lokacin? Alhazan canji da manyan dillalan shanu. Mu sai karkashin lema wajen masu kira na kudi, ko filashin. Sai da Glo ta Mike Adenuga ta shigo a 2003 da lissafin dakika sannan sauran suka bi, layi ya yi ta karyewa har ya koma kusan kyauta, sannan wayoyin Chana masu layi biyu suka cika kasuwa, a nan ne mai ruwa da shushaina da mai gadi suka samu shiga. Kaga kenan mutanenmu ba kin abin zamani suke ba, kudinsa ne ke hana su, ranar da ya sauko daidai aljihu kowa ya dauka. Haka yake a Kenya, M-Pesa, wato hanyar tura kudi ta waya, da aka fara a 2007 ta karbu ne saboda a karamar waya take aiki, haka a Indiya da kamfanin waya na Jio ya karya kudin data a 2016 talakawa suka kwararo intanet.

Yanzu kuma abin ya sake juyawa baya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen N460 ta haura N1,500 a 2024, waya kuwa duk da dala ake shigo da ita, batir da sikirin ma haka. Sannan a watan Janairun 2025 hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa ta amince kamfanoni su kara kudin kira da data har kashi 50 cikin 100. Shi ya sa lissafin da ka yi shekara uku baya ba zai yi maka aiki yau ba.

To abu na farko, dauki biro ko ka bude kalkuleta. Rubuta abin da kake samu a wata bayan ka cire abinci da kudin mota da na wajen kwana da abin da kake aikawa gida. Sai ka rubuta abin da waya ke ci. A ce kullum kana sa data ta N500, a wata N15,000 kenan. A ce kana ba mai caji N200 kullum, N6,000 kenan. Ba a zo maganar kati ba, ba a zo gyara ba, an riga an kai N21,000. Mafi karancin albashi na tarayya N70,000 ne tun 2024, na jihar Legas N85,000, kaga ko da kana samun na Legas din cif, kusan kashi daya cikin hudu ya tafi a waya. Hukumar Majalisar Dinkin Duniya mai kula da yaduwar intanet ta sa ma'auni cewa kudin data na talaka bai kamata ya wuce kashi 2 cikin 100 na matsakaicin abin da mutum ke samu a wata ba, kashi 2 na N85,000 kuwa N1,700 ne kacal. Ka duba tazarar da kanka. Yawancin yaran da nake sa su yi wannan lissafin shiru suke yi na dan lokaci, don ba su taba hada shi wuri daya ba, dari biyar dari biyar ne ke fita ba a ji.

Bayan lissafi sai ka tambayi kanka me wayar za ta kawo maka. Nan ne nake so a tsaya sosai don nan aka fi yin kuskure. In kai dillalin tumatir ne ko albasa a Mile 12, kana bukatar babbar waya ba ko shakka, don da bidiyo kol za ka ga kaya ana lodi a Kwanar Gafan ko Aliero, ka ga girman kwando da lafiyar kaya kafin ka tura kudi, ka ji farashin yau kafin mota ta taso, wannan wayar jari ce, tafiya daya za ta iya mayar da kudinta. Haka mai harkar shanu a Oko-Oba ko raguna a Alaba Rago, hoton dabba daga Potiskum ko Maigatari ya rage masa wahalar hanya mai yawa. Wanda ya bar acaba bayan dokar hana acaba ta watan Yunin 2022 a su Ikeja da Surulere da Apapa ya koma kai sako, shi ma sai da taswirar Google da batir mai rikon wuta. Mai shayi da mai tsire tun wahalar canjin kudi ta farkon 2023 sun san cewa in ba ka karbar tiransifa kwastoma wucewa zai yi, amma su ba lallai sai babbar waya ba, karama ma tana karbar alat, kuma ana tura kudi da lambar banki ta USSD, wato wadda ake dannawa mai farawa da *, ba tare da data ba. Amma kanina da ke tura baro ko dako, wanda abin da yake so shi ne ya ji muryar Inna da yamma ya kuma ga alat in an biya shi, don Allah kada ka zuba kudin wata uku a wayar da za ka rika tsoron fito da ita a danfo. Fara da karama mai madannai da tocila da rediyo, wacce caji daya zai kai ka kwana uku ko hudu, ka shiga adashe, in jari ya dan tsaya sai ka kara babba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kuma ko ka samu babbar kada ka yar da karamar. Layin da ke hade da bankinka ya zauna a karamar, cikin aljihun ciki, babbar kuma ta dauki layin data. In aka fizge babbar a go-sulo ko a cunkoson Oshodi, ka yi asarar waya amma kudinka na nan.

In za ka sayi babbar, ga abin da nake dubawa ni. Ta kasance 4G. Kada wani ya rude ka da 5G, tun 2022 MTN ta kawo shi Legas amma wayarsa tsada gare ta kuma ba ko'ina yake kamawa ba, aikin da kake yi 4G ta ishe ka. Ram, wato abin da ke ba waya karfin rike ayyuka da yawa a lokaci daya, kada ya gaza gig 3 ko 4, mai 2 za ta rika makalewa da zarar WhatsApp ya cika, ma'ajiya gig 64 in da hali, batir 5000. Kyamara ita ce ta karshe sai dai in da hoto kake sayar da kaya. Tecno da Itel da Infinix duk kamfani daya ne, Transsion na birnin Shenzhen a Chana, kuma abin da ya sa suka mamaye Afirka shi ne sun duba halin da muke ciki, layi biyu saboda sabis din wani ya fi na wani, babban batir saboda wuta, kyamara mai fito da bakar fata. Abin da ya fi min muhimmanci a kansu shi ne kayan gyaransu na ko'ina, in sikirin ya fashe ko a kauye ka koma za ka samu mai canza maka. Sikirin din wata wayar mai suna kuwa kudinsa kadai zai sayi sabuwar karamar Android, shi ya sa kafin ka biya kudin kowace waya ka fara tambayar mai gyara nawa ne sikirinta, nawa ne batirinta.

Sai maganar wajen saye. Computer Village da ke Ikeja, wajen titin Otigba, babu irin wayar da babu, daga Agege kuma ba nisa, ga jirgin kasa na jan layi ma yana tsayawa a Agege da Ikeja. Amma ka je da wanda ya san wajen, kuma ka shiga shago mai suna da lamba. Yaran da ke tare mutum a bakin hanya suna nuna waya a tafin hannu da rabin kudi, ka wuce su ko me suka ce, araha ba ta ado. In sabuwa ce a bude kwalin a gabanka, ka danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar ita kadai, za ta fito, ka hada ta da wadda ke jikin kwali, in ba su zo daya ba ka ajiye. In ta hannu ce, wacce suke ce wa tokumbo ko Landan yus, sai ka kara natsuwa: sa layinka a ramin farko ka kira, ka mayar da shi na biyu ka sake kira, ka ji sifika ka ji ko ana jinka, jona caja ka ga tana dauka ba sai an karkata ta ba, shafa sikirin lungu-lungu, ka tabbatar an cire asusun Google ko iCloud na mai ita na da a gabanka, don in yana ciki wata rana za ta kulle kuma ba mai bude maka cikin sauki. Kada ka yarda a karbi wayar daga hannunka a ce za a je a sa maka a leda ko kwali a ciki, wadda ka gwada ita za ka rike har ka fita. Sannan risit, risit, risit, da IMEI a rubuce da sunan shago da lambar mai shago. Na ga bawan Allah mai gadi da ya sayi waya a hannun wani a unguwa ba takarda, ashe ta sata ce, aka bi sawunta aka zo har bakin get aka tafi da shi, sai da 'yan uwa da shugabannin al'umma suka yi ta zirga-zirga kafin ya fito, kudin da aka kashe ya ninka na wayar, ga aikin ma ya rasa. Wannan abin har yau yana min ciwo don mutumin kirki ne, rashin sani ne kawai ya ja masa.

Wayar bashi kuma, wacce za ka ba da kafin alkalami ka rika biya duk sati ko wata, ban ce haramun ne a kanka ka duba ta ba, wannan malamai za ka tambaya musamman in akwai kudin ruwa a ciki, amma ta bangaren lissafi ka hada duk abin da za ka biya daga farko har karshe ka kwatanta da kudinta hannu da hannu, za ka ga bambancin da yawa. Kuma in ka makara kulle ta suke daga can, ranar da kasuwa ta yi maka wuya ranar ce kuma waya za ta mutu a hannunka. In ba wayar ce ke kawo kudin biyan kanta ba, adashe ya fi maka. Su kuma manhajojin ba da rance na waya, wadanda ke neman izinin shiga lambobin mutanenka, ka nisance su, in ka gaza biya har surukanka sai sun tura wa sako.

Layi kuwa da NIN dinka za ka yi rajistarsa, da kanka, da fuskarka da yatsunka. Tun watan Disamban 2020 gwamnati ta ce sai an hada kowane layi da NIN, an kuma rufe layuka da yawa a kan haka. Kada ka sayi layi mai rajistar wani, kada kuma ka yi wa wani rajista da sunanka ko dan dakinku ne, duk abin da aka aikata da layin kai za a nema. In ka manta lambar NIN dinka danna *346# a layin da ka yi rajista da shi, akwai dan kudi kadan da ake cira. In za ka tafi gida noma ka dade, ka rika dan sa kati kana kira, don layin da aka dade ba a taba ba kamfani na karbe shi ya sayar wa wani, alhali alat din bankinka na shiga can.

Yanzu data, inda kudin ke zurarewa. Abin takaicin shi ne mai karamin karfi shi ya fi sayen data da tsada, don mai kudi zai sayi ta wata gaba daya kowane gig ya fado masa da sauki, kai kuma da kake saye kullum kadan-kadan, in ka hada sai ka ga ka biya fiye da shi kuma ka samu kasa da nashi. To in za ka iya, daure kwana biyu uku ba data, ka tara ka sayi ta sati, daga nan ka matsa zuwa ta wata. Lambobin yanzu daya ne a duk layuka: *312# sayen data, *323# duba saura, *310# duba kudi. Kafin ka zabi layin data ka tambayi makwabtanka wanne ke kamawa a dakin da kake kwana, don sabis din Idi-Araba daban na Ojo daban, wani lokacin ma daki da daki.

Sai ka gyara wayar kanta. Shiga saitin WhatsApp ka kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye, wannan kadai in kana cikin guruf goma na 'yan gari da na wa'azi da na siyasa zai rage maka abu mai yawa, abin da kake so shi za ka taba ya sauka. Facebook Lite ya fi babban saukin ci, ka kuma hana bidiyo tashi da kansa. A Play Store ka sa kada manhaja ta sabunta kanta sai da wayfay. YouTube ka rage kyan hoton zuwa 240 ko 360, in karatu kake saurare ai murya kake bukata. TikTok shi ne babban rami, wallahi na ga yaro ya sa data da safe kafin azahar ta kare bai kira kowa ba bai sayar da komai ba, in ba za ka iya barinsa ba ka kunna mai rage cin data a saitinsa ka kuma yanke wa kanka lokaci. Karatu ko wa'azi ko fim da wani ya riga ya sauke, ku tura wa juna ta manhajar Xender ko bulutut, ba dalilin mutum biyar a daki daya kowa ya sauke abu daya da kudinsa. Kiran murya ta WhatsApp ya fi bidiyo kol saukin ci nesa ba kusa ba, a bar bidiyon sai ranar Juma'a ko in ana son ganin yara. In kana ganin kati na raguwa ba ka san dalili ba, tura STOP zuwa 2442 don a daina turo maka tallace-tallace, ka kira kamfanin su cire duk wani abu da aka sa ka ciki, in ba su saurare ka ba lambar korafi ta NCC 622 ce kuma kyauta ce. Rancen kati na *303# kuma sai dole, don tun kafin ya shigo an cire wani kaso.

Caji, duk da sana'ata ce zan fada maka gaskiya. In kullum sai ka kawo min, ka tara kudin wata biyu ko uku ka sayi fawa bank mai kyau, wato batirin ajiye caji da za ka rika jona wa waya, ko ku hada kudi ku hudu ku sayi karamar sola ta daki mai fitila da wajen caji. Ka guji cajar banza mai araha, ita ke kashe batir da ramin caji. In za ka bar waya wajen mai caji ka kulle ta, ka karbi lamba, karamar mai layin banki kuma kada ta kwana a hannun kowa.

Tunda kudi ya koma cikin waya, ko OPay ne ko Moniepoint ko PalmPay ko banki, ka sa wa layin kansa lambar sirri ba sikirin kadai ba, ta yadda ko an zare shi an sa a wata waya ba zai tashi ba. Kada lambar sirrinka ta zama shekarar haihuwa ko 1234. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake ko daga ofishin tallafi, ka karanto masa lambar da aka turo maka, kashe wayar kawai, banki ba ya tambayar wannan. Mai sayar da kaya kuma kada ka saki kaya don an nuna maka hoton tiransifa ko don sako ya shigo, duba balas dinka da kanka ka ga kudin sun zauna, alat na karya ya yi yawa. Ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya in taka ta bata, ka rubuta a takarda ka ajiye a jaka tare da IMEI da risit.

Wani abu da ba a cika fada ba shi ne na gida. Da yawanmu muna rike da babbar waya a Ikko, matar da iyaye a can kuwa sai an je gidan makwabci kafin a same su, ko waya daya ce a gidan kuma tana hannun kanin miji. A kasashe irin namu mata su ne a baya wajen mallakar waya, kuma rashin kudin kansu ne babban dalili, sai rashin karatun boko. In ka tashi sabunta waya kada ka sayar da tsohuwar da kudin banza, gyara ta ka aika wa maidakinka, a yi mata layi da NIN dinta, ka koya mata sakon murya tunda shi ba ya bukatar rubutu, in tana sana'ar kuli ko dinki ko turare da shi za ta rika jin masu saye. Inna da Baba kuma karama mai manyan madannai da kara sosai, ka sa musu lambarka a bugun gaggawa, a danna 2 a rike ta kira ka, sannan kai ka rika tura musu katin daga nan duk farkon wata, kuma ka hada da 'yar karamar sola in garin ba wuta don kada a rika tura yaro kasuwa da wayar kai caji.